Ƙafar Katako a Takalmin Baba

Mahaifina akawu ne a reluwe, kuma tun da na yi wayo takalmi sau-ciki ƙafa biyu kawai na san shi da su, baƙi da ja. Baƙin shi ne na ofis, ɗinkin Ingila. Idan ya dawo gida da la'asar sakaliya, tun bai cire hula ba, tun bai taɓa ruwan da Inna ta ajiye masa ba, zai zauna a bakin gado ya kwance igiya, ya zare ƙafa, ya miƙa hannu ƙarƙashin gado ya jawo wani abu da mu yara muke kira ƙafar katako. Itace ne fari mai tauri da aka sassaƙa kamar gaban ƙafar mutum, an tsaga shi biyu a tsaye, sai wani ƙarfe mai zare irin na noti da ya haɗa shi da guntun katako mai siffar dunduniya. Baba zai zura gaban a cikin takalmi, ya danna dunduniyar, ya yi ta murɗa ƙarfen a hankali yana kallon fatar har layukan da tafiya ta yi mata su miƙe. Sai ya mayar da murɗi ɗaya baya. Kullum sai ya mayar da wannan murɗi ɗaya.

Wata rana na ce masa, "Baba, me zai hana ka bari sai ka ci abinci?" Ya ce, "Yanzu yake da ɗumi. In ya huce a karkace, a karkace zai zauna."

Sai da na girma na gane abin da yake nufi. Fata tana shan gumin ƙafa wuni guda, ta yi laushi, ta karye a daidai inda yatsu ke lanƙwasa. In aka yar da takalmin haka ya bushe, hancinsa zai ɗaga sama, karyewar ta zama tsagi, tsagin kuma shi ne hunturu zai bi ya fasa. Katakon da ba a shafa wa fenti ba yana tsotse danshin, yana kuma riƙe fatar a miƙe har ta bushe. Shi ya sa na roba da ake sayarwa yanzu, masu sifirin a tsakiya, suke rabin aiki: suna miƙarwa, ba sa shan danshi. Masu tsada kuwa da jan katakon sida na Amurka ake yin su, wanda ƙanshinsa ke korar asu. Duk lokacin da aka yi wa Baba canjin wurin aiki, daga Zariya zuwa Gusau, daga can zuwa Kafancan, baƙin takalmin nan da katakonsa a ciki yake shiga adaka, a danne shi da barguna da tukwane a tarago, ya fito kamar ba a taɓa shi ba. Wanda ya taɓa tsayawa wurin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai ya ga takalman da aka kwance daga dila a murƙushe, ana cusa musu jarida da kwali ko za su dawo, ya san abin da tafiya take yi wa takalmin da ba komai a cikinsa.

Ba don takalmi na ɗauki alƙalami ba. Shekara 11 bayan rasuwar Baba, Allah Ya karɓi ɗana na fari. Shekararsa 9, zazzaɓin kwana huɗu. Na yi abin da ake yi, na karɓi gaisuwa, na ce alhamdulillahi ga duk wanda ya ce ya haƙuri. Bayan an watse sai na tarar da wani abu da ban taɓa sani ba. Zan yi alwala, in shiga sahu, in yi kabbara, in ji bakina yana karanta Fatiha, in yi sallama, amma ko kusa ba ni a wurin. Ba fushi nake da Ubangijina ba, wal'iyazu billahi. Kawai dai ciki babu kowa. Wata ɗaya, wata uku, wata shida. Har na fara tambayar kaina tambayar da na san mutane da yawa sun yi ta a ɓoye: ibadar da zuciya ba ta halarta ba, ibada ce ko kwaikwayo? Mutumin da yake tsayawa gaban Wanda Ya san abin da ke cikin ƙiraza, alhali ƙirjinsa fayau, ba gara ya dakata har ya samo zuciyarsa ba, da ya riƙa kai gangar jiki kamar mai biyan haraji?

Na kai maganar wurin Baffana, ƙanin Baba, wanda ya yi karatun zaure mai zurfi. Na same shi da hantsi a kan buzu. Da ƙyar na iya cewa, "Baffa, ina jin tsoron na zama munafuki." Bai razana ba. Ya ce, "Ɗana, ka taɓa barin sallar?" Na ce a'a. Ya ce, "Wa kake yi don ya gani?" Na ce babu, ko ni kaɗai ne a ɗaki ina yi. Ya ce, "To munafuki ba ya sallar ɗaki." Sannan ya ba ni labarin sahabin nan Hanzala da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya haɗu da Sayyidina Abubakar yana zargin kansa da munafunci, domin halin da yake ji a majalisin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana raguwa idan ya koma cikin iyali da gona. Sayyidina Abubakar ya ce shi ma yana jin haka. Suka tafi tare wurin Annabi, aka kwantar musu da hankali cewa zuciyar ɗan Adam ba ta zama a hali ɗaya.

Na yi godiya na tashi, amma gaskiya maganar ba ta gama shiga ta ba. Na Hanzala raguwa ce. Nawa kamar an ɗauke wuta ne gaba ɗaya.

A cikin wannan hali Inna ta ce in zo in buɗe adakar Baba, domin za a gyara ɗakin. Ƙarƙashin wata tsohuwar alkyabba, cikin warin kafur, ga takalman nan ƙafa biyu. Ƙafar katako guda ɗaya Baba ya mallaka, ta baƙin. Jan kuwa haka aka jefa shi. Na ɗago jan: ya ƙanƙance, hancinsa ya lanƙwaso sama, bakinsa ya haɗe, ya yi tauri kamar bandar kifi. Na gwada buɗa shi da hannu, fatar ta tsage. Na ɗago baƙin, na warware ƙarfen, na zaro katakon. Fatar ta bushe, ta yi fari-fari, tana neman mai. Amma siffar ƙafar Baba tana nan, har ɗan tudun da babban yatsansa ya yi a gefe. Na zura hannu a ciki na daɗe a zaune. Shekara 11 ba ƙafar da ta shiga takalmin nan, kuma da mai shi zai dawo a ranar, da zai sa shi ya fita.

Ban ce katako ya amsa tambayar da malamai suka daɗe suna tattaunawa ba. Ya dai nuna mini abin da nake yi wata shida ban san sunansa ba. Katakon nan bai taɓa taka ƙasa ba, ba ya jin zafi, ba ya zuwa ko'ina. Aikinsa ɗaya, ya tsare wa ƙafa wurinta.

Larabawa suna da wata magana da ɗalibai suka sani, ƙalban wa ƙaliban, wato da zuciya da gangar jiki. Ƙalb ita ce zuciya, daga tushen da ke nufin juyawa. Ƙalib kuwa shi ne mazubin da ake ba abu siffa da shi, kuma masana harshe suna mayar da asalinsa ga kalmar Girkanci kalopus, sunan katakon da mai ɗinkin takalmi yake ɗora fata a kai, ma'anarta ƙafar itace. Farisawa ma sun ari kalmar, suna kiran gangar jikin mutum kalbud. Ranar da na karanta wannan sai da na ajiye littafin. Sunan da muka laƙaba wa abin Baba muna yara, ashe shi ne sunan da mutanen dauri suka ba shi, kuma da shi suka kira jikin da rai yake zama a ciki.

Littattafan da muka fara da su, Ahalari da Ishmawi da Iziyya, kusan duk a kan ƙalib suke: farillai, sunnoni, ƙabli da ba'adi. Akwai lokacin da na raina wannan, ina ganin ƙirga ce kawai. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsananta ƙwarai a Ihya'u Ulumiddin kan halartar zuciya, har ya ɗauke ta a matsayin ran salla. Amma shi ɗin ma da ya zo kan abin da za a wajabta wa jama'a, bai iya ɗora musu fiye da halartar zuciya a lokacin kabbarar harama ba, domin ya san mutane. Ibn Aɗa'illah na Iskandariyya, wanda ya rasu a Alƙahira a 1309, ya yi wa almajirai nasiha a Hikam ɗinsa cewa rashin halartar zuciya ba dalilin barin zikiri ba ne. Yanzu ina ganin malaman fiƙihu tausayi suka yi mana. Sun ba mu abin da hannu zai iya riƙewa a ranar da zuciya ta kuɓuce, domin ba wanda yake iya umartar zuciyarsa ta dawo ƙarfe biyar na asuba, amma kowa yana iya tashi ya ɗauki buta.

Akwai mai cewa wannan ai lasisi ne na sallar gafala, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma tsakanin sabo da saɓo ƙugiya ɗaya ce a rubutu. Na san mutum yana iya shekara arba'in a sahun gaba, goshi ya yi baƙi, ma'auninsa a kasuwa bai taɓa cika ba. Takalmin da ya dawwama a adaka da katako a ciki ya tsira daga lanƙwasa, amma ba don adaka aka ɗinka shi ba. Kuma dole katako ya fita kafin ƙafa ta shiga. Wanda ya saba da sallarsa har ya daina jin cewa akwai abin da ya rasa, wanda idan wata aya ta taɓa shi sai ya yi sauri ya wuce don kada ta ɓata masa lissafin raka'a, wannan katakonsa ya ƙi fita. Abin da na rarrabe da shi a kaina shi ne ciwon. Muddin rashin yana damun mutum, yana jira ne. Ranar da ya daina damunsa, ranar ce abin tsoro.

Sai kuma murɗin nan ɗaya da Baba yake mayarwa baya. Wani shumeka a unguwarmu ya gaya mini cewa katakon da aka matse fiye da kima ya fi rashinsa ɓarna: yana buɗa dunduniya, ya saki ɗinki, takalmi ya koma yana faɗuwa daga ƙafar mai shi. A watannin farko na yi wa kaina irin wannan. Na ce tunda zuciya ta ƙi, bari in ƙara mata nauyi. Na ɗauko wuridin Baba duka, da tsayuwar darensa, da azumin Litinin da Alhamis. Mako uku na yi na faɗi, har asuba ta fara kuɓuce mini. Baba lamba 44 yake sawa, ni 42. Da na kawo katakon gida sai da na rage tsawon ƙarfen sosai kafin ya shiga takalmina. Haka na koma na yi da ibadar: farilla a jam'i, shafa'i da wutiri, shafi ɗaya na Alƙur'ani bayan asuba. Baffa da na gaya masa, hadisin Nana A'isha kan aiki kaɗan mai ɗorewa kawai ya tuna mini, ya ce in riƙe nan.

Ba zan iya nuna ranar da abin ya dawo ba. Na dai san wata magariba, bayan fiye da shekara, liman yana karanta wata gajeriyar sura da na ji sau dubu, sai na ji hawaye yana sauka a gemuna, na kuma san a gaban Wa nake tsaye. Da na bar sallar a watannin nan ina jiran zuciya, ban san me za ta tarar ba idan ta dawo. Na ga jan takalmin da idona. Har yau ma tana zuwa tana tafiya, wata sallar ina ciki, wata ba na ciki.

Roƙona ga malamanmu masu wa'azi: idan kuna magana kan khushu'i, kuna cewa sallar da babu shi gawa ce, ku tuna a cikin masu sauraro akwai wanda ya binne ɗansa watan jiya, akwai wadda aka saka da yara biyar, waɗanda da ƙyar suka jawo jikinsu zuwa masallaci. Kada su fita da tunanin cewa zuwan nasu banza ne. Kai kuma da ka lura maƙwabcinka ya daina fitowa asuba tun bayan wani rashi, kada ka kai masa wa'azi. Ƙwanƙwasa masa ƙofa, ka tsaya ya yi alwala, ku tafi tare. Allah Ya jiƙan Baba da Baffa da yaron nan, Ya jiƙan naku.