Haƙƙin Jiki A Kan Mai Shi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ara mana waɗannan jikkuna, zai kuma tambaye mu yadda muka riƙe su. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya daɗe yana halartar sallar jam'i ya lura da wani abu da ya ƙaru a masallatanmu na birane, watau kujeru. Da can in ka ga mutum yana salla a zaune, to, ko dai tsufa ya kai masa iyaka, ko kuwa cuta ce ta kama shi. Yanzu kuwa a gefen sahu sai ka tarar da kujerun roba jere, a kansu har da mutanen da ba su cika shekara 60 ba, gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi, in goshi ya kai ƙasa tasowa sai da taimako. Ban kawo wannan don zunɗe ba. Mai uzuri sallarsa ingantacciya ce, ladansa cikakke ne. Littafin Ahalari da yawancinmu muka karanta a zaure ya jera halaye bakwai da ake sallar farilla a cikinsu, daga tsayuwa ba jingina har zuwa kwanciya rigingine, kuma kowanne rahama ce ga wanda ya kasa na sama da shi.

Tambayar da nake so mu duba ita ce wannan. Shin akwai alhaki a kan mutum ya tattala ƙarfin jikinsa tun yana da shi, domin ya daɗe a halin farko na waɗannan bakwai? Ko kuwa motsa jiki da ɗaga nauyi sha'anin yara ne da 'yan ƙwallo, wanda bai kamaci mai neman Lahira ba?

Masu son motsa jiki sukan yi saurin jawo hadisin nan na Sahihu Muslim wanda ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mumini mai rauni. Ba na so mu ɗora wa hadisi kayan da bai ɗauka ba. Imamu Nawawi, a sharhinsa, ya fassara ƙarfin da azamar zuciya wajen al'amuran Lahira, kuma sau da yawa mun ga siririn malami da ya fi ƙato goma tsayuwa a kan gaskiya. Hujjar da ta fi gamsar da ni tana cikin labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da su. Saurayi ne mai himma, ya ɗaukar wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare duka. Da labari ya kai ga Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, sai ya hana shi, ya nuna masa cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa duk suna bin sa haƙƙi. Ya ba shi shawarar kwana uku a wata, shi kuwa ya yi ta neman ƙari saboda yana jin ƙarfi, har aka tsaya a kan azumin Annabi Dawuda, yau a yi gobe a sha. Da ya manyanta, ƙarfin ya ja baya, sai aka ji yana fatar ina ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa tun farko.

To, jama'a, a duba. Azumi ne da sallar dare, mafi ɗaukakar ayyuka, amma da za su cinye jiki sai aka taka musu burki. Ina kuma ga zaman kawai? In ba a yarda mutum ya lalata jikinsa da ibada ba, yaya za a yarda ya lalata shi da kishingiɗa da ciye-ciye da hawa babur zuwa masallacin da ke bayan gidansa?

Wani zai ce, kakanninmu ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, ga shi sun tsufa da ƙarfinsu. Gaskiya ne, amma rayuwarsu ce ta yi musu aikin. Namiji yana huɗa da noma da ɗaukar dami, ya taka da ƙafa zuwa kasuwar wani gari ya dawo. Mace tana daka, tana niƙa, tana jan guga daga rijiya mai gaba goma. Da kaka samari su fita kokawa a dandali. Har yanzu haka mutanen karkara da leburori suke, kuma ba su nake yi wa magana ba, su hutu da abinci mai kyau suka fi bukata. Maganata da ma'aikacin ofis take, da ɗan kasuwa mai wuni a kan benci, da direba, da malami mai zama a buzu daga hantsi zuwa azahar, da matar da injin niƙa da famfo suka hutar. Waɗannan abubuwa ni'ima ce, ba mai cewa a koma wahala. Sai dai sun ɗauke wani aiki da jiki ke rayuwa a kansa, ba a kuwa maye gurbinsa da komai ba.

Likitoci sun daɗe da gano haka. A shekarar 1953 wani likitan Ingila mai suna Jeremy Morris ya kwatanta direbobin manyan bas-bas masu bene na birnin Landan da kwandastocinsu. Mota ɗaya suke ciki, wuni ɗaya suke yi, sai dai direba yana zaune, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala. Ya tarar ciwon zuciya ya fi yawa, ya kuma fi muni, a cikin masu zaman. Daga baya aka gane cewa tafiya kaɗai ba ta wadatar ba, tsoka ma tana da nata haƙƙin. Tun daga wajen shekara 30 naman jikin mutum yake fara raguwa sannu a hankali in ba a aiki da shi, bayan 60 kuwa raguwar ta ƙara sauri. Tsoka ita ke zuƙe yawancin sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, ita ke riƙe gwiwa da ƙugu, kuma jan da take yi wa ƙashi shi ke sa ƙashi ya yi ƙwari. In ta zube, sai ciwon sukari ya sami ƙofa, tsoho ya yi tuntuɓe kaɗan ya faɗi, ƙashin ƙugu ya karye, daga nan sai kwanciya. Wanda ya taɓa jinyar mahaifi a wannan hali ya san abin da nake nufi, ya san kuma kunyar da dattijo ke ji ranar da 'ya'yansa suka fara ɗaukarsa zuwa bayan gida.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, tunda ajali ba ya gaba ba ya baya. Lalle kwanan kowa a rubuce yake, kuma mun ga ɗan wasa ya faɗi a fili ya cika, mun ga malalaci ya kai 90. Amma rabon kowa na abinci ma a rubuce yake, ban kuwa taɓa ganin wanda ya ƙi shuka da damina saboda haka ba. Sayyidina Umar, da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa, da aka yi masa maganar ƙaddara ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Ban da haka, ko ba a ƙara wa mutum kwana ɗaya ba, akwai bambanci tsakanin shekara goma ta ƙarshe a kan ƙafafunsa da shekara goma a kan tabarma. Manzon Allah da kansa yakan nemi tsari daga kasala da gajiyawa da mummunan tsufa. Abin da mutum ke neman tsari daga gare shi da baki, bai kamata ya riƙa kiransa da aikinsa ba.

Wasu kuma sukan ce salla ta ishe su motsa jiki. Raka'a 17 a wuni tana amfanar gaɓoɓi, babu shakka, amma ba don haka aka farlanta ta ba, kuma ba na son a mayar da ita atisaye. Tsoka ba ta ƙaruwa sai an ɗora mata abin da ya ɗan fi wanda ta saba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a shekarar 2020, ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 a mako na motsi irin tafiya da sauri, sa'an nan ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Wannan bai bukaci kuɗi ko wani gida na musamman ba. Mutum ya zauna a kujera ya miƙe ba tare da dafawa ba sau goma, ya huta, ya sake. Ya dafa bango ko ƙasa ya tura jikinsa. Ya ɗauki jarkar ruwa a kowane hannu ya zaga tsakar gida. In abin ya yi sauƙi ya ƙara kaɗan. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita. Wanda ke tara kuɗin Hajji kuwa ya tuna cewa sa'ayi kaɗai, tsakanin Safa da Marwa, ya kai wajen kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiyar jifa. Guzurin ƙafa ma guzuri ne.

Kada tsoho ya ce lokaci ya wuce masa. A shekarar 1990 wata likita, Maria Fiatarone, ta buga sakamakon gwajin da ta yi a wani gidan tsofaffi a Boston ta Amurka. Mutum goma ne, masu shekara 86 zuwa 96, aka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako takwas. Tara da suka kammala, ƙarfin cinyarsu ya kusa ninkawa uku. Amma da aka dakata mako huɗu, sai wajen sulusin ƙarfin ya zube. Musulmi ba zai yi mamakin wannan ba, domin an riga an koya masa cewa aikin da aka dawwama a kansa, ko ƙanƙane ne, ya fi mai yawa da aka yi aka watsar.

Samarinmu masu ɗaga ƙarfe a lungu, da gwangwanaye cike da siminti, ban ga laifin aikinsu ba, na ma fi son in gan su can da in gan su a majalisar gulma. Sai dai su binciki niyya. Wanda ke yi don a kalli ƙirjinsa, ko don ya tsorata unguwa, ya sami abin da ya nema tun a nan. Su rufe al'aura, kada kiran salla ya same su su ce sai sun gama. Su kuma guji ƙwayoyi da alluran kumbura tsoka, waɗanda ke ɓata hanta da zuciya, har su taɓa haihuwa. Wannan cin amanar jiki ne da sunan gyara shi.

Mata sun fi maza shiga haɗarin raunin ƙashi bayan ɗaukewar al'ada, su ne kuma aka fi mantawa da su a wannan magana. Maigida da ya killace iyalinsa, ya wadata su da abinci, bai gama sauke nauyi ba in ya bar su ba wurin miƙe ƙafa, ko ya riƙa yi musu dariya in sun gwada. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu, ta farko ta wuce shi, ta biyu, bayan ta yi jiki, ya wuce ta.

Abin da na ga ya fi hana manyanmu shi ne kunya. An ɗauka tumbi alamar wadata ne, tafiyar ƙasaita kuma alamar girma, har Alhaji ko Malam yana ganin in aka gan shi yana gumi mutuncinsa ya zube. Wannan al'ada ce, ba ta da asali a addini. A shekara ta biyar bayan Hijira, lokacin da ake haƙa ramin Handaƙu a Madina, Manzon Allah ya haura shekara 55. Yana cikin masu jidar ƙasa har ƙura ta rufe masa ciki, ga yunwa, ga sanyi. Da sahabbai suka ci karo da wani dutse da ya gagare su, shi suka kira, ya sauka cikin ramin ya karɓi diga ya farfasa shi.