Jikin Yaro Amanar Wa?

A Wurno, kamar sauran garuruwan Birnin Kudu da Gwaram, idan masu riga-kafi sun zaga sukan bar alama biyu: rubutun alli a bangon zaure, da tawada a ƙaramin yatsan yaro. Akwai gidan da alli kan nuna an zo, ba a samu shiga ba. Uwar ta leƙo ta ce maigidan bai ba da izini ba. In aka tarar da shi a majalisa, ko ya ce lafiya da ciwo na Allah ne, ko ya ce shi dai bai yarda da abin kyauta ba.

Rashin yardar yana da asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Magani ne ba riga-kafi ba, amma tabon ya zauna. Shi ya sa a 2003, da Dakta Datti Ahmed ya yi zargin an gurɓata ɗigon shan inna da maganin hana haihuwa, jama'a suka saurara, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da aikin a Kano. Sai a Yulin 2004 aka koma, bayan an shigo da riga-kafi daga Indonesiya. Kafin a farga cutar ta tsallaka har Sudan da Yaman, yaran da suka shanye kuwa yanzu magidanta ne, suna nan cikinmu.

Maganar ƙaddara ce ta fi bukatar a zauna a kanta. Lokacin da Sayyidina Umar ya doshi Sham, ya sami labarin annoba a hanya, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya nuna masa cewa makiyayin da ya zaɓi kwari mai ciyawa ya bar ƙeƙasasshe, shi ma cikin ƙaddarar Allah ya yi kiwo. A zamaninmu Shaikh Bin Baz ya halatta riga-kafi, ya kafa hujja da hadisin cin dabinon Madina bakwai da safe don kariya tun cutar ba ta zo ba. Kuma duk maniyyacin Jigawa yana miƙa dantse a yi masa allurar sanƙarau kafin ya hau jirgin Makka, ba a taɓa jin wanda ya fasa Hajji don tawakkali ba.

To ina ga jaririn da ba shi da bakin magana? Baligi zai iya haƙura da ciwon jikinsa ya nemi lada. Jikin ɗansa kuwa ba mallakarsa ba ne, kiwo aka ba shi, kuma za a tambaye shi. In uba ya ƙi, ba maƙogwaronsa mashaƙo zai toshe ba. Cutar mashaƙo da ta ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022, ta shigo Jigawa, allurar Penta ce ke tare ta, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, kuma akasarin yaran da ta kama ba su sami cikakken riga-kafi ba.

Kukan iyaye cewa ana bin su gida da ɗigo alhali maganin zazzaɓi sai an saya, kuka ne na gaskiya. Kansila da ɗan majalisa ya kamata a tara da shi, ba yaro ba.

Tun da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jawo sarakunan Arewa cikin aikin riga-kafi a 2009, dagatai da masu unguwanni suka ɗauki nauyin lallashi. Limamin da ke raɗa suna ya fi kowa dama: ranar bakwai uban yana zaune kusa da shi, ga dangi, kuma saura mako biyar a kai jaririn Penta ta farko.