Haƙƙin Ɗa Bai Ƙare Ga Nafaƙa Ba

Mas'ala ce da ta cancanci a tsaya a kanta: shin uban da ya ciyar, ya tufatar, sa'an nan ya miƙa ɗansa ga malami, ya sauke nauyin da Allah Ya ɗora masa? Fuƙaha'un Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan ƙasar Dandi tun kafin zuwan Nasara, sun bambanta reno da walicci. Ko da aure ya mutu yaro yana hannun uwarsa, Muhtasar na Shehu Halilu ya bar wa uba lura da shi, da ladabtar da shi, da aika shi makaranta. Malami wakili ne kawai, wakilci kuwa ba ya ɗauke hisabi daga kan wanda ya wakilta.

Iyayenmu sun fahimci wannan game da makarantar allo, domin uba da kansa yake kai yaro, ya san malamin, ya biya kuɗin Laraba, ya yi walimar sauka. Amma da lakwal, wato makarantar boko, ta zo da ƙarfin mulkin Faransa, sai aka ɗauke ta abin gwamnati, wannan zato kuwa ya daɗe bayan tafiyar masu mulkin a 1960, har ya zamana a Bana da ƙauyukanta, inda noma da fataucin Gaya da Kamba da Malanbil suke cinye ranar magidanci, akwai wanda ya san farashin buhu a kasuwa uku alhali bai san ajin da ɗansa yake ba.

Uzuri ya ragu yanzu. Kwamitocin kula da makarantu da ake kira COGES, waɗanda aka ƙarfafa a jihar Tawa daga 2004 da taimakon Japan kafin su game Nijar, sun ba iyaye kujera tare da darakta. Maza suna kafa rumfunan kara bayan girbi, a yaba musu. Sai dai kafa rumfa farali ne na kifaya, tambayar yaro abin da ya koya kuwa yana wuyan ubansa shi kaɗai, kuma jahiltar Faransanci ba ta hana mutum buɗe littafin ɗansa ya ga ko an yi rubutu a cikinsa.

Magidantan Bana, in an kira taron makaranta, kada ku tura mata su kaɗai. Ku je da ƙafarku.