Ranar da goma ta koma sifili

A watan Mayun 2020 GCC, manhajar da ke juya rubutun C zuwa abin da kwamfuta ke ganewa, ta kai siga ta 10. Ban ma san an yi ba sai bayan watanni, da wani ɗan shiri da na rubuta ya ƙi tashi, wai GCC ɗina ta tsufa. Alhali sabuwa ce fil.

Laifin nawa ne. Ƙa'idar tacewa da na ba shi don gane lambar siga, wadda muke kira regex, ita ce [0-9]\.[0-9]: lamba ɗaya, ɗigo, lamba ɗaya. Ta yi mini aiki a 7.5, 8.4 da 9.3. Da aka miƙa mata 10.2.0, sai ta tsallake 1, ta cafke "0.2".

Na kai kuka wurin wani abokin aiki da ya girme ni. Bai ko kalli allon ba, ya ce, "Malam, kawo layi biyar da kake so ta kama, da biyar da ba ka so." Na yi turus, don a zaure na fara jin wannan magana. Lokacin da muke karatun Sullam, littafin manɗiƙi na Ahalari (shi dai wanda muka koyi tsarki da salla a ɗan littafinsa), malaminmu yakan ce ta'arifi ba ya cika sai ya zama jami'i kuma mani'i: ya tattaro duk 'yan gida, ya tare baƙo a ƙofa.

Tare baƙo da sauƙi, tunda kana ganinsa. Amma yaya mutum zai tattaro ɗan da ba a haifa ba? Ni dai siffar abin da na saba gani na rubuta, na ɗauka haƙiƙarsa ce. Ba wanda ya taɓa yi mini alkawarin cewa lambar za ta tsaya a tara. Shi ya sa nake zargin cewa yawancin ta'arifinmu, har wanda muke yi wa mutane, tarihin abin da ido ya gani ne kawai muka sa masa rawani.

Abokina ya ƙara alamar + bayan lambar, ma'ana ɗaya ko fiye, aiki ya tashi. Bayan mako guda wani ya gwada a Mac, inda idan ka kira gcc, wata manhaja daban, Clang ta Apple, ce ke amsa sallama. Ita ma ƙa'idar tawa ta buɗe mata ƙofa.