Me Muke Aika Wa Mamatanmu Na Fim Da Ƙwallo?



'Yan uwa, duk ranar da wani sananne ya rasu, ɗan fim ne ko mawaƙi ko ɗan ƙwallo, sai jama'armu ta rabu gida biyu. Wasu su yi ta yaɗa bidiyonsa yana rawa, wai alhini suke. Wasu kuma tun ba a ɗauki makara ba sun gama masa hisabi. Mun ga haka da Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disamba 2014, har yau kuma ba mu daina ba.

Bari in fara da masu hisabin, don su ne ke magana da sunan addini. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya hana zagin matattu, saboda sun riga sun tarar da abin da suka aikata. Kana iya cewa aiki kaza haramun ne, ni ma ina faɗa a kan mumbari. Amma ka kama sunan mutum ka ce ga makomarsa, wa ya nuna maka littafinsa? Saratu Giɗaɗo, Daso, mun fi saninta tana fitowa a masifaffiyar mata. Ranar 9 ga Afrilu 2024, ƙarshen Ramadan, ta yi sahur ta kwanta, ba ta tashi ba. Ban ce wannan takardar shiga Aljanna ba ce. Amma wallahi mu masu rawani irin wannan cikawa muke roƙo, kuma babu wanda aka ba tabbaci.

To ku masoya fa? Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, shi ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya, a Amurka, 1994, a ragar Bulgeriya. Ya rasu a Ibadan a Mayu 2012, bayan shekaru yana zaman kaɗaici. Hotonsa riƙe da raga har gobe yawo yake. Musulmi ne fa. Mu nawa muka taɓa ambatonsa a addu'a bayan sallah? Mu dawo gida ma: a nan Kabi ana sauraron Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani ana kaɗa kai, wa ke cewa Allah Ya jiƙan su?

Hadisin Muslim ya ƙirga abu uku da ke bin mamaci: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Tafi ba ya ciki. In da gaske kana son mamacin, yi sadaka ka nufe shi da ladan. In kana kusa da iyalinsa, tambaya ko ya bar bashi, ka leƙa marayunsa. Wannan bidiyon kuma na baiwar Allah da ta rasu, tana rawa ba lulluɓi, da ke cikin wayarka, don Allah ka goge shi. Yau ba ta da hannun da za ta goge da kanta.

Allah Ya gafarta musu, Ya kyautata namu zuwan.