Ramuka Biyar a Jikin Kyandir

A unguwar Shehuri, ba nisa da fadar Shehun Borno, akwai wani kafinta da ke haya a shago mai ƙofar langa-langa. Mutumin Pulka ne ta ƙasar Gwoza, ɗan Katolika tun daga mahaifinsa. Maƙwabtansa yawanci Kanuri ne Musulmi, kuma ba mai kiransa da sunan yanka. Kafinta kawai ake ce masa.

Gudun hijira ne ya kawo shi Maiduguri. A watan Agustan 2014, da Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram, mutanen ƙauyukan gindin duwatsun Mandara suka watse. Wasu suka tsallaka Kamaru zuwa sansanin Minawao, wasu suka nufi Yola, wasu Maiduguri. A cikin wannan ruɗani ne ɗansa na fari, wanda bai wuce shekara 16 ba, ya koma da baya don ya kwance awaki. Tun daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Shekara goma Kafinta yana gina rayuwa daga tushe. Ya fara da gyaran kujeru a gindin dalbejiya, har ya kai ga kama shago da yara biyu masu koyon aiki. Kowace Lahadi shi da matarsa sukan tari Keke Napep zuwa coci, ita da ɗaurin zanen Zumuntar Mata, shi da farar riga. Abu guda ne bai taɓa yarda da shi ba. Duk watan Nuwamba, lokacin da 'yan Katolika ke kai sunayen mamatansu a yi musu Misa, matar takan ce, "Maigida, mu kai sunan yaron nan." Shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Ban ga gawa ba."

Sai ga ranar 10 ga Satumba, 2024. Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya shigo gari cikin dare. Ya mamaye Gwange da Shehuri da Kasuwar Monday, har fadar Shehu bai bari ba. Kafinta da iyalinsa suka fita da kayan jikinsu, ruwa iya ƙirji. Da suka dawo bayan ruwa ya janye, katako ya kumbura, zarto da guduma sun yi tsatsa, laka ta cika shago. Duk wannan bai girgiza shi ba, sai da ya buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. A ciki ne yake ajiye katin baftismar yaron da hotonsa guda ɗaya tak da suka tsira da shi daga Pulka. Katin ya zama dunƙulen takarda. Hoton kuwa, rigar makaranta na nan, kafaɗu na nan, amma ruwa ya wanke fuskar tas.

Daga wannan mako ya daina zuwa coci. Bai yi gardama da kowa ba, bai zagi addini ba. Ranar Lahadi kawai sai ya buɗe shago.

A watan Maris na 2025 azumin Ramadan da azumin Kirista suka haɗu. Wata Lahadi da yamma mai shagon, wani dattijo da ya yafe masa kuɗin hayar watannin ambaliya, ya aiko masa da kunu da ƙosai, sannan ya biyo baya da kansa.

"Kafinta, lafiya kuwa? Shekara da shekaru na san ranar Lahadi shagon nan a kulle yake."

"Alhaji, aiki ne ya yi yawa."

"Aiki ba ya ƙarewa. Ni ban san yadda kuke yin naku ba, amma na san mutum ba ya fushi da Ubangijinsa ya ci riba. Ka je wurin manyanku ku yi magana."

Kafinta bai je ba. Manyan ne suka zo. Saura mako uku Ista, sai ga tsohon katikis na cocinsu ya jingine kekensa a bakin shago, yana share gumi, don zafin Maiduguri a wannan lokaci yakan haura digiri 40.

"Sannu da aiki, ɗana."

"Sannu da zuwa, Baba Katikis. In wa'azi ka kawo, ka yi haƙuri, kunnena ya cika."

"Aiki na kawo. Ruwa ya cinye ƙafar ma'ajiyar kyandir ɗin Ista. Fada ya ce a samo kafinta."

"Zan yi, amma kuɗina za a biya ni. Kuma kada a ce in durƙusa."

"Za a biya ka. Durƙuso kuma tsakaninka da gwiwarka ne."

Ya sami madaci mai kyau, ya auna, ya yanka, ya haɗa da gam da kusa, ya bi shi da samfefa har ya yi santsi. Ran Asabar mai tsarki da safe ya kai aikin coci. Bagadi tsirara, babu zane, babu fure, kamar yadda ake barinsa tun daren Alhamis. Baba Katikis ya fito da sabon kyandir, mai kauri kamar damtsen mutum, da hoton gicciye a jikinsa da lambobin shekara, 2025. Suka gwada shi a ma'ajiyar, ya zauna daram. Daga nan tsohon ya miƙa masa basilla.

"Hannuna rawa yake yi yanzu. Huda mini ramuka biyar, ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙasa, biyu a gefe. Nan Fada zai soka ƙwayoyin turare."

Kafinta ya ɗumama bakin basillar a wutar ashana, ya soka a hankali don kada kakin ya tsage. Yana kan rami na uku sai maganar da ya daɗe yana haɗiyewa ta kufce masa.

"Baba, matan da suka je kabarin Yesu da asuba sun fi ni. Su dai suna da kabarin zuwa. Ni ɗana ba gawa, ba kabari, yanzu ko fuskarsa babu. Na yi addu'a har na gaji. In Almasihu ya tashi da gaske, me ya sa mu ne kullum a ƙasa? Wuta ta ci mu, ruwa ya ci mu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ni na gaji da ji."

Tsohon ya zauna a kan benci. Bai tsawata masa ba.

"A watan Fabrairun 2006," in ji shi, "ranar da aka ƙone coci-coci a garin nan, aka kashe Fada Michael Gajere a cocin St. Rita da ke Bulumkutu. Bayan wannan na daɗe ina koya wa yara katikisma da baki, zuciyata kuwa fayau. Ba wanda na faɗa wa. Abin da na yi guda ɗaya ne: ban daina zuwa ba. Ranar da ba ni da addu'a, nakan zauna kusa da masu yi."

"To ka sami amsa?"

"Ban sami amsar me ya sa ba. Har gobe ba ni da ita, kuma duk wanda ya ce maka yana da ita, ka yi hattara da shi. Amma dubi abin da ke hannunka. Wannan kyandir na tashin matattu ne, ba na Jumma'ar gicciye ba. Duk da haka Ikilisiya ba ta kunna shi sai ta soka masa raunuka biyar: hannu biyu, ƙafa biyu, da haƙarƙari. Wanda ya tashi, da tabonsa ya tashi. Bai ce wa kowa abin bai faru ba."

Kafinta ya ƙarasa ramukan, ya karɓi kuɗinsa, ya tafi.

Da magariba ya ce wa matarsa zai raka ta, don yana so ya tabbatar ma'ajiyar ba za ta karkace ba. Ta dube shi, ba ta ce komai ba, ta miƙa masa ɗan ƙaramin kyandir. A ƙofa matasan coci suka caje kowa kamar yadda aka saba tun shekarun bama-bamai. A tsakar fili aka hura wuta. Fada ya albarkace ta, ya soka ƙwayoyin turaren ɗaya bayan ɗaya a ramukan da Kafinta ya huda, sannan aka kunna kyandir aka shiga da shi cikin cocin da ke da duhu. Wuta ta riƙa tafiya daga hannu zuwa hannu har ta iso layin baya. Wata gwauruwa 'yar Madagali, wadda ya san an kashe mijinta a gabanta, ita ta juyo ta kunna masa nasa.

Aka yi karatu mai tsawo, aka buga ƙararrawa, mata suka rangaɗa guɗa, aka yi wa sababbin masu bi baftisma. Da aka zo sabunta alkawarin baftisma, Fada ya tambayi jama'a ko sun gaskata da tashin matattu da rai na har abada. Coci ya amsa da murya ɗaya. Kafinta bai buɗe baki ba. Amma bai fita ba, kuma ba wanda ya harare shi.

Ran Litinin, 21 ga Afrilu, labari ya zo daga Roma cewa Fafaroma Francis ya rasu yana da shekara 88, kwana guda bayan ya fito ya sa wa jama'a albarkar Ista. Aka binne shi ran Asabar. Washegari, Lahadin Jinƙan Allah, Kafinta ya kulle shago ya bi matarsa, ba tare da wani dalilin aiki ba.

Bisharar ranar labarin Toma ce, almajirin da ba ya nan sa'ad da Yesu ya fara bayyana, wanda ya ce ba zai yarda ba sai ya sa yatsa a gurbin ƙusoshi. Fada ya tsaya a kan abin da mutane kan tsallake. Ya ce a lura da kwanakin da ke tsakani. Mako guda cur almajirai suna murna, Toma yana musu, amma ɗaki ɗaya suke. Su ba su kore shi ba, shi bai yi zuciya ya tafi ba. Saboda haka da Ubangiji ya dawo, a cikinsu ya same shi, kuma raunukansa ya nuna masa. Wannan Toma ne, bisa ga al'adar Ikilisiya, ya kai bishara har Indiya, inda Kiristocin Kerala ke amsa sunansa har yau.

Bayan Misa Kafinta ya sami Baba Katikis a gindin bishiya da littafin da ake rubuta niyyar Misa.

"Baba, ina so a yi wa ɗana Misa."

Tsohon ya buɗe littafi, ya riƙe biro. "A wane shafi, ɗana? Na masu rai ko na waɗanda suka riga mu?"

"Ban sani ba. Kusan shekara goma sha ɗaya ke nan ina ƙin kawo shi saboda ban sani ba. Rubuta sunansa kawai. Wanda za a kai wa sunan ya san inda yake."

Baba Katikis ya rubuta. Matar Kafinta, da ke tsaye a bayansa, ta rufe fuska da gefen zane ta yi kukan da ta daɗe tana dannewa.

Ba a ga yaron ba, kamar yadda dubban iyalai a Borno da Yobe da arewacin Adamawa, yankin da dayosis ɗin Maiduguri ya ƙunsa, ke jiran nasu har yanzu. Tambayoyin Kafinta ma ba su ƙare ba. Akwai Lahadin da yakan amsa da ƙarfi, akwai wadda yakan yi shiru. Amma kujerarsa ba ta sake zama fanko ba.

Darasin wannan labari biyu ne. Ga mai shakka: shakka ba ita ce ke kashe bangaskiya ba, kaɗaici ne ke kashe ta. In zuciyarka ta bushe, kada ka ƙara mata da nisantar jama'a. Faɗi abin da ke damunka a fili, ka zauna a cikin 'yan'uwa ko da bakinka ba zai iya amsawa ba. Ga jama'a kuma: kada ku gaggauta yi wa mai rauni wa'azi, kada ku kunyata shi don ya yi tambaya. Ku je inda yake, ku ba shi aikin da hannunsa ya iya, ku bar masa wurin zama. Da almajirai sun kori Toma a rana ta biyu, da ba shi cikin ɗakin a rana ta takwas.