Amanar da ke Cikin Kwamfuta

Ya ƴan'uwa Musulmi, tun da aka buɗe jami'ar Maradi a 2010, ƴaƴanmu mata sun ƙaru cikin masu aikin kwamfuta. Ga wata tana barin Tsibiri da sassafe zuwa Maradi, tana kula da na'urorin wani kamfanin aika kuɗi. Sunan mai aikawa da na mai karɓa duk ta gabanta suke bi.

To, ranar da maƙwabciya ta ce mata: "Ƙanwata, duba mini nawa maigidana ya aika wa kishiyata," me za ta yi? Wasu za su ce taimako ne, domin wataƙila ana tauye haƙƙin matar. Mu kuwa muna cewa asirin nan amana ce, ba mallakarta ba. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana binciken asirin mutane. In an zalunci maƙwabciyar, akwai waliyyai, akwai alƙali.

Saura mu. Mu ne masu roƙon, mu ne masu fushi in ta ƙi. Mu daina jefa ta tsakanin zumunci da tsoron Allah.

Allah Ya sa mu dace, amin.